Yadda Masu Aikin Bishara Za Su Riƙe Zumunci a Ƙasar Waje

Ƙungiyar da za ta tafi aikin bishara a wata ƙasa ya kamata ta gyara tsakaninta tun tana gida, domin abin da aka binne a zuci kafin tafiya shi ne yake fara tasowa ranar da gajiya da kewar iyali suka haɗu. Masu bin da suka taru a Hernhut ta Jamus, waɗanda ake kira 'yan Morabiya, sun daɗe suna jayayya kan koyarwa, har Zinzendof, mai ƙasar da suka zauna a kanta, ya riƙa bin su gida-gida, suka amince da ƙa'idojin zaman tare a 1727, suka kuma ci Jibin Ubangiji da zuciya ɗaya ranar 13 ga Agustan shekarar. Sai a 1732 suka aika masu bishara biyu na farko zuwa tsibirin San Tomas da ke yankin Karibiyan. Ku ma ku zauna tare na 'yan makonni kafin tashi, kuna addu'a da cin abinci wuri ɗaya, ku kuma rubuta wanda zai yanke hukunci idan ra'ayi ya rabu.

Maganar kuɗi ce ta fi bukatar a yi ta a fili, kuma ita ce aka fi jin nauyin ɗaukowa. Sau da yawa ma'aikata biyu suna aiki ɗaya, amma ikilisiyar ɗaya tana aiko masa da tallafi a kan kari, ɗayan kuwa sai ya yi watanni yana jira, kuma mai jiran ba zai buɗe baki ba saboda kunya. Ƙorafin farko da ya taso a ikilisiyar Urushalima, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 6 ta nuna, kan rabon abinci ne ga gwauraye, manzanni kuwa ba su ce a yi shiru don a zauna lafiya ba, sai suka sa aka zaɓi mutum bakwai su riƙe hidimar. Ku ware asusun da kowa zai zuba wani kaso, wanda za a taɓa don ciwo, kuɗin haya ko takardar izinin zama. Mutum biyu su riƙe littafin, kada su kasance miji da mata, a kuma karanta shi gaban kowa duk wata. A ganina ƙungiyar da ba ta iya karanta lissafinta da murya ba, addu'ar safiyarta ma ba za ta daɗe ba.

Zumuncin bai tsaya a kanku ba, domin a yawancin ƙasashe za ku tarar da masu bi da suka riga ku. A taron mishan na Edinbara a 1910, inda wakilai wajen 1,200 suka hallara, wani fasto ɗan Indiya mai suna Azariya ya yaba wa 'yan mishan kan sadaukarwarsu, sannan ya roƙe su abin da suka kasa bayarwa, wato abota. Ku ci abinci a gidajen masu bin da kuka tarar, ku zauna ƙarƙashin wa'azin fastonsu, kada kuma ku koma harshenku alhali ɗan gari yana zaune tare da ku. Rigimar ɗarikarku ku bar ta inda kuka baro ta.

Idan ɗan'uwa ya yi maka laifi, ka same shi kai kaɗai tukuna, bisa Matiyu 18:15, kafin labarin ya shiga wasiƙar da za ka aika wa dattawan gida, waɗanda ba za su ji ta bakinsa ba.

Wani lokaci kuwa rabuwa takan zama dole. Bulus da Barnaba sun yi saɓani mai zafi kan Markus, Barnaba ya ɗauke shi suka nufi Kubrus, Bulus ya tafi da Sila. In kun kai nan, ku raba yankin aiki da kayan aiki gaban shaidu, ku sanar da ikilisiyun gida da magana ɗaya, kada kowa ya ja sababbin tuba zuwa ɓangarensa, ku kuma ci gaba da aika wa juna labari. Bulus ɗin nan ne daga baya ya rubuta wa Timoti cewa ya zo masa da Markus, domin yana da amfani a gare shi wajen hidima.