Yadda tela zai tantance aikin ɗinki na ƙasar waje

Idan dillali ya same ka a shagonka a Katsina da tayin aikin ɗinki a waje, fara da neman lasisinsa na ɗaukar ma'aikata daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. In ya hau kame-kame, ku rabu a nan.

Sai takardar kwantiragi. A karanta maka ita a gaban shaidu: albashi nawa, awa nawa a rana, wa zai biya kuɗin jirgi, masauki da abinci. A nan tarkon yake. Dillali kan ce ya ranta maka kuɗin tafiya, a riƙa cira daga albashi, a ɗora kuɗin kwana da tarar ɓata yadi, bashin ya ƙi ƙarewa, kai kuma ba damar barin keken. Kada ka yarda da cirar da ba a rubuta adadinta da ranar ƙarewarta ba.

Fasfo kuwa ya zauna a hannunka, ka bar kwafinsa a gida. Wanda ya ce za a bi ta Jibiya ko Kwangwalam zuwa Agadas ba tare da bizar ƙasar da za ka yi aikin ba, safarar mutane ce. Kai rahotonsa ga hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 domin yaƙi da safarar mutane.