Babi na 6: Cire tabo daga tabarmar kaba da dardumar ulu

Darasi na 1: Ku san shimfiɗarku

Iyayena da ƴan'uwana, wannan babi na tabarmar kaba ne, da dardumar ulu ko ta auduga. Ba na tabarmar roba ba ne. Ta roba ku watsa mata ruwa ku dirje, ba abin da zai same ta.

Kaba ganyen goruba ne, irin wanda ake saƙawa a wajen Madawa ana kawowa kasuwar Tawa. Ulu gashin tunkiya ne. Dukansu suna shan ruwa. Idan kaba ta sha ruwa da yawa sai ta kumbura, in ta bushe ta bar wani zobe mai duhu wanda ya fi tabon farko muni. Jan da ke jikin tabarma, na karan dafi ne ko na galura, shi ma yana iya zuba ya ɓata farin wuri. Don haka a wannan aiki ruwa kaɗan ake so. In na rubuta "kaɗan", ina nufin abin da zai jiƙa tsumma ba tare da yana ɗiga ba.

Darasi na 2: Danna, kar ku goga

Wannan shi ne darasin da ya fi kowane. Ku karanta shi sannu a hankali, ko sau nawa ne, ba mai kora ku.

A ce shayi ya zube. Ku ɗauko tsumma 2, farare, busassu. Fari ake so don ku ga abin da yake fitowa, kuma tsumma mai launi yana iya zuba ya ƙara muku wani tabon. Ku ɗaga tabarmar ku sa tsumma ɗaya a ƙarƙashi, saboda tabarma tana da ƙofofi kuma shayin ya riga ya sauka ƙasa. Ɗayan tsumman kuma ku ninke shi huɗu, ku ɗora a kan wurin.

Yanzu ku sa tafin hannu ku danna. Hannu ba ya zuwa dama, ba ya zuwa hagu. Ƙasa kawai yake yi, kamar yadda ake danne auduga a wurin allura bayan likita ya zare ta. Ku ƙirga 1 zuwa 10. Ku ɗaga hannu. Ku dubi tsumman: shayin ya hau kansa? Madalla, kun yi daidai. Ku juya inda bai jiƙe ba, ku sake ɗorawa, ku sake dannawa. Ku fara daga bakin tabon kuna matsowa tsakiya, don kar ya yi faɗi. Haka za ku yi ta yi har tsumman ya daina ɗauko komai.

Na san hannun da ya girma da wanki dirza ya sani. Ba laifinku ba ne, kuma kowa a nan ya fara da haka. Amma ku ga abin da guga take yi: tana tura shayin cikin saƙar, inda tsumma ba zai kai ba. Tana faɗaɗa tabon. A kan kaba tana tayar da zare, wurin ya yi kaushi yana cizon ƙafa. A kan ulu tana cukurkuɗa gashin, kuma ulun da ya cukurkuɗe ba ya komawa yadda yake.

Mu sake. Ɗora tsumma. Danna. Ƙirga 10. Ɗaga. Juya. Danna.

Ku ɗauki alli ku rubuta a allonku: DANNA. Haruffa 5 ne, N biyu ne a jere. Ku rubuta shi layi 3.

Don Allah, iyayena, zan faɗa muku gaskiya. A aji kowa na cewa ya gane, amma da na zuba ruwa a tabarmar gwaji sai in ga hannuwa sun koma dirza, wasu har da soson wanka. Me ya sa? Sauri. Gaggawar nan ita ke kashe tabarma. Wanda ba zai iya ƙirga 10 hannunsa na wuri ɗaya ba, kar ya wuce zuwa darasi na gaba. Ya tsaya nan tukuna.

Darasi na 3: Shayi, kofi da goro

Idan kun danna har tsumma ya daina ɗauka kuma tabo na nan, ku nemo binegar fari, wanda ake zubawa a salati. Ku auna da finjalin shayi: binegar finjali 1, ruwan sanyi finjali 3. Finjali ɗaya za ku yi awon da shi duka.

Kafin ku taɓa tabon, ku gwada a kusurwar da ba a gani. Ku jiƙa bakin tsumma, ku danna a wurin mai launi. Idan launi ya hau tsumman, ku tsaya, wannan shimfiɗa ba ta son ruwa. Idan bai hau ba, ku ci gaba.

Ba a zuba ruwan a kan tabarma. A tsumma ake sa shi, a matse, sannan a danna. Danna na ce. Daga nan ku bi da busasshen tsumma, shi ma dannawa. Tabon goro da ya kwana biyu yakan ragu amma ba ya fita duka, kar ranku ya ɓaci.

Darasi na 4: Mai da miya

Ku kwashe abin da ke sama da cokali, daga gefe zuwa tsakiya. Kar ku sa ruwa. Ku barbaɗa garin masara ko sitati har ya rufe wurin, ku bar shi ya kwana. Garin zai tsotse man. Da safe ku share da tsintsiya mai laushi, kuna bin yadda saƙar ta kwanta. In da saura, ku sake. Manja yakan bar ɗan ja. Sai ku ɗebi kumfar sabuni kaɗai a tsumma, ku danna.

Darasi na 5: Jini da fitsarin yaro

Ga jini, ruwan sanyi kawai. Ruwan zafi yana dafa jini ya kama zare. Ga fitsari, ku danna tun yana ɗanye, sannan ku bi da ruwan binegar na darasi na 3, yana rage zarni.

Ku dubi kwalba kafin ku buɗe. In kun ga an rubuta JAVEL, wato ruwan nan mai ƙarfi da ake wanke fararen kaya da shi, ku ajiye ta. Tana cinye ulu, tana kashe launin tabarma. Kada kuma ku haɗa ta da binegar ko sau ɗaya, tururin da ke tashi guba ne. Kanwa da ruwan toka su ma suna ɓata ulu.

Darasi na 6: Laka da shanya

Laka ba a taɓa ta tana ɗanya. Ku bari ta bushe, ku kakkaɓe, ku share.

Shanya a inuwa, inda iska ke wucewa. Ranar bazara a Tawa tana wuce digiri 40, tana sa kaba ta yi ƙaras ta riƙa karyewa. Da damina kar ku naɗe tabarma sai kun taɓa bayanta kun ji ya bushe, in ba haka ba za ta yi fumfuna.