Kurakuran da ake ta maimaitawa in za a yi rubutu kan Abubakar Rimi

Duk ranar 4 ga Afrilu, ranar rasuwarsa, sai Facebook ya cika da hotunan tsohon gwamnan jihar Kano, marigayi Muhammadu Abubakar Rimi, kowa Limamin Canji, Limamin Canji, amma in ka karanta abin da aka rubuta a ƙasan hoton sai ranka ya ɓaci. Kuskuren wannan shi wancan zai kwafa ya liƙa, wallahi na gaji.

Na farko dai ba a tsige Rimi ba, Balarabe Musa na Kaduna aka tsige a 1981. Shi Rimi murabus ya yi a 1983, ya bar jam'iyyar PRP ya koma NPP, mataimakinsa Abdu Dawakin Tofa ya ƙarasa, sannan Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da Rimi a zaɓe. Kuma a daina juya Santsi da Taɓo, ɓangarori biyun da PRP ta rabu, Santsi ɓangaren Rimi ne, Taɓo na Malam Aminu Kano. Kanon da ya mulka ma har da Jigawa, sai 1991 aka cire ta.

Wanda ya fi ci min rai shi ne maganar 10 ga Yuli 1981, don ni kaina na taɓa faɗawa ciki. Gwamnatin Rimi ta ba Sarkin Kano Ado Bayero takardar tuhuma, gari ya rikice, aka ƙona gidan rediyon Kano da wasu gine-ginen gwamnati, aka kashe Dakta Bala Muhammad mai ba gwamna shawara kan siyasa. Iyakar abin da ya tabbata kenan. Ni kuwa sai na ƙara gishiri, na kama sunan wani gida na ce su suka turo mutanen, ba don komai ba sai don na ji ana faɗa a majalisarmu, ashe jikan gidan abokina ne tun muna firamare. Na goge, na je har gida na ba da haƙuri, amma har yau daga gaisuwa ba abin da ke haɗa mu. Mahaifina da labari ya kai masa, abu ɗaya ya tambaye ni, kai kana wurin? Ku samari, ran mutum fa aka ɗauka, ba abin neman kwament ba ne. Tun daga nan in ban ji magana daga bakin dattijo ɗan Santsi da kuma dattijo ɗan Taɓo ba, kuma bakinsu ya zo ɗaya, bana rubutawa.

Sai batun minista. Masoya sai su lissafo soke haraji da jangali, jaridar Triumph, gidan talabijin na CTV da yanzu ake kira ARTV, yaƙi da jahilci, su yi tsalle su dira a kafa PDP kamar ba a yi komai a tsakani ba. Haba jama'a! Mutumin nan ɗan SDP ne, aka soke zaɓen Abiola na 12 ga Yuni 1993, kuma ya karɓi ministan sadarwa a gwamnatin Abacha, an zarge shi sosai a kan haka kuma masu zargin suna da hujjarsu. Su kuma masu ƙinsa nan suke tsayawa, ba za su faɗa maka daga baya ya shiga G34, ƙungiyar 'yan siyasar da suka ƙi tazarcen Abacha ba, har Abachan ya tsare shi tare da Sule Lamido. Ni a layi ɗaya nake haɗa biyun, ko da wa zai ji haushi.

Ƙirƙirar sabbin masarautu a Kano ba Ganduje ya fara a 2019 ba, Rimi ya yi, Sabo ya zo ya rushe.

Kuma don Allah a daina cewa harbe shi aka yi. 'Yan fashi sun tare shi a hanyarsa ta dawowa daga jihar Bauchi a 2010, bayan nan jikinsa ya rikice ya rasu a asibitin Malam Aminu Kano. Wadda aka kashe matarsa ce Hajiya Sa'adatu, a gidansa, a 2006. Allah ya jiƙansu baki ɗaya.