Yadda Za Ku Zaɓi Shugaban Kamfani Ba Tare Da Kun Tsallake Mata Ba

Idan kana cikin kwamitin da zai naɗa sabon manajan darakta, ka nace a rubuta sharuɗɗan kujerar tun kafin a ambaci sunan kowa. Da zarar suna ya faɗo, kowa zai fara ɗinka sharuɗɗan daidai jikin ɗan takararsa. A wajen ganawa kuma a yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya, kowane mamba ya rubuta makinsa shi kaɗai kafin a buɗe tattaunawa. In ba haka ba, muryar babba ce za ta rinjayi ɗakin, kuma kalmar "ya dace da mu" yawanci tana nufin "ya yi kama da mu".

Kada ku sa mace ɗaya tilo a jerin ƙarshe don fita kunya. Ita ma ta san don me aka kira ta.

Amma ni a ganina, ainihin zaɓen ana yin sa ne shekaru kafin ranar ganawa. Duba su wa kuke ba sassan da ke kawo riba ko asara: masana'anta, tallace-tallace, reshen ƙasar waje. Idan mata duk an tara su a sashen kula da ma'aikata da hulɗa da jama'a, ranar zaɓe za a ce ba su da gogewa, alhali ku kuka hana su ita. Mary Barra ta riƙe masana'anta, ta kuma jagoranci sashen ƙera sabbin motoci, kafin ta shugabanci kamfanin motoci na General Motors a 2014.

Doka tana taimakawa, amma yawanci iyakarta hukumar daraktoci. Norway ta kafa dokar ba mata aƙalla kashi 40 cikin ɗari na kujerun hukumar a 2003, Faransa ta bi sahu a 2011, Tarayyar Turai a 2022. Mata sun ƙaru a kujerun hukuma, kujerar shugaban zartarwa kuwa har yau yawanci ta maza ce.

Ku kuma lura da lokacin da kuke tuna mace. A 2005 Michelle Ryan da Alex Haslam na Jami'ar Exeter sun nuna cewa an fi naɗa mata bayan kamfani ya shiga matsala. In za ku miƙa mata kamfanin da ke tangal-tangal, ku rubuta mata wa'adi, kasafi da ikon sauya manyan ma'aikata a cikin kwantiragi.