Yadda nake zaman da'ira da ɗalibaina a Tawa

Ajin CM1, wato aji biyar na firamare, nake riƙe da shi a nan Tawa, yara sittin da ɗoriya. Akwai Adarawa, akwai ɗiyan Buzaye da na Fulani, da ƴan Zabarmawan da aiki ya kawo iyayensu. A kan benci kowa ƙeyar na gabansa yake kallo, har a ci rabin shekara wani bai taɓa jin muryar wani ba. Shi ya sa kowace Alhamis da safe, kafin rana ta yi zafi, nake fitar da su gindin dogon yaro mu zauna da'ira, kowa ya ji muryar kowa.

Kada ka tara su duka a da'ira guda, surutu kawai za ka girba. Raba su uku, ka zauna da kashi ɗaya na minti 20, sauran su yi aikin da ka bar musu a allo. Shimfiɗa tabarma, kai ma ka zauna ƙasa. Muddin mushe, wato malami, yana tsaye, yara amsar jarrabawa za su riƙa ba shi, ba abin da ke ransu ba.

Sai ka nemi abin riƙewa. Ni ludayin duma nake kawowa daga gida. Mai ludayi shi ke da baki, saura kunne ne nasu, har da ni. Wanda bai shirya ba ya miƙa gaba, ba dole. Wannan dokar ita ce gishirin abin, kuma malami ya fi kowa saurin karya ta. Yaro zai yi shiru yana juya ludayi, harshenka na ƙaiƙayi ka ƙarasa masa. Daure. Kada kuma ka gyara Faransancin kowa a nan. Ya faɗa da Hausa, da Tamajak ko Fulatanci, wani ya fassara mana.

Fara da tambaya mai sauƙi: wa ya raɗa maka laƙabinka, wane aiki kake yi kafin ka taho lakkol? Taubasantaka ma tana buɗe baki. Bazabarme ya tsokani Buzu, Bafulatani ya tsokani Ba'are, a yi dariya a saki jiki. Gadonmu ne, har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2014. Amma ka sa ido, wasa daban, cin fuska daban.

Sai bayan wata guda nake taɓa abu mai nauyi. Garinmu garin ƴan cin rani ne. Ranar da na ce kowa ya faɗi wanda yake kewa, wata yarinya da ba ta ko ɗaga hannu a aji ta riƙe ludayi ta ce babanta yana Abijan, salla uku ba su gan shi ba. Na kusa da ita ya ce nasa yana Libiya. Kafin ludayi ya dawo hannuna, fiye da rabinsu sun ambaci wani da ke nesa. Ban ƙara komai ba, na ce mu yi musu addu'a.

In yaro ya faɗi abin da ya shafi duka ko yunwa a gida, kada ka tone shi gaban jama'a. Ka gode masa, ka same shi shi kaɗai bayan an tashi. Kafin a naɗe tabarma kuma ka tuna musu cewa maganar da'ira ba ta zuwa filin wasa, sannan ka damƙa ludayi ga wanda zai buɗe zama mai zuwa.