Yadda ake shirya kayan hawan doki ga mai naƙasa a Legas

Duk wanda ya leƙa bargar filin folo na Ikoyi, wanda aka kafa tun 1904, ko ya ga masu hayar dawaki a bakin teku ta wajen Lekki, ya san cewa galibin masu kula da dawakin Legas mutanenmu ne na Arewa. Akwai doki, akwai gwanayen da suka san halinsa, amma da wuya a ga an ɗora yaron da shan inna ya taɓa ko dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye, sai dai idan za a ɗauki hoto a sauke shi. Mafi yawan abin da ke hana hakan rashin kayan aiki ne, kuma baduku da kafinta da mai walda na Agege ko Obalende za su iya yin kaso mai tsoka daga cikinsu. Naƙasa ba ta hana hawa: tun a 1952 Lis Hartel, wata mace 'yar Denmak da shan inna ya kashe wa ƙafafu daga gwiwa zuwa ƙasa, ta ci lambar azurfa ta hawan doki a gasar Olamfik ta Helsinki, sannan a 1996 aka shigar da hawan doki cikin wasannin Olamfik na naƙasassu a Atlanta.

Kafin a sayi ko da igiya, a fara da ganin likitan ƙashi ko likitan gashin ƙashi, irin waɗanda ake samu a asibitin ƙashi na Igbobi, domin akwai lalurorin da hawa yake ƙara wa tsanani. Mai farfaɗiyar da magani bai riƙe ta ba, da mai gyambo a mazaunai, da wanda ƙashinsa ke saurin karyewa, da yaron da gaɓar wuyansa ba ta da ƙwari, duk sai likita ya amince. A kuma tambaye shi takamaimai abin da jikin mahayin ya rasa, ko ƙarfin zama ne, ko riƙon hannu, ko jin ƙafa, ko gani, domin kowane kaya amsa ce ga ɗaya daga cikin waɗannan, kuma tara kayan da ba a buƙata yana hana mahayi amfani da ƙarfin da ya rage masa.

Dokin da za a zaɓa ya zama mai shekaru da sanyin hali, goɗiya ko wanda aka dandaƙe, ba ingarman da ya saba da sukuwa da zamiya ba. Ƙa'idar da masu harkar ke bi ita ce nauyin mahayi da sirdi kada ya wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin doki, wato dokin da ya kai kilo 350 zai ɗauki kilo 70, har ma a rage idan mahayin ba ya iya daidaita zamansa. A ɗauki makonni ana nuna wa dokin keken guragu da sanduna har ya daina firgita da su.

Hawa da sauka su ne wurin da aka fi jin rauni. Cicciɓar babban mutum a jefa shi kan sirdi yana cutar da bayan doki, yana kuma zubar da mutuncin mahayi. Mai iya tsayawa, dandamalin katako mai matakala uku ko huɗu da abin dafawa ya ishe shi. Mai keke kuwa yana buƙatar gangara wadda ba ta da tsauri: duk tashin santimita 1 a ba shi tsawon santimita 12, don haka dandamali mai tsayin santimita 80 zai ci gangara ta kusan mita 10. A inda fili ya yi ƙaranci, kamar yawancin wurare a Legas, ana iya naɗe gangarar gida biyu da wurin hutawa a tsakiya. A shimfiɗa roba mai kaushi a kai, saboda katakon da ruwan damina ya jiƙa santsi gare shi.

Sirdin gargajiya namu, mai doguwar kwacciya, wato tudun sirdi, gaba da baya, yana da abin yabo a nan, domin yana tallafar ƙugu fiye da shimfiɗaɗɗen sirdin folo. Aibinsa shi ne tauri, da kuma wahalar tsallaka ƙafar da ta sandare ta kan kwacciya. Wanda ba ya jin mazaunansa ba zai san cewa fata ta fara salewa ba, don haka a shimfiɗa buzun tumaki ko soso mai kauri a kan sirdin, a kuma duba fatarsa bayan kowane hawa. A sa baduku ya ɗinka madafi na fata a gaban sirdi, wanda mahayi zai kama idan ya ji zai karkata, maimakon ya rataya a kan linzami. Ƙananan yara sukan fi jin daɗin shimfiɗa mai kauri da majayi mai hannuwa biyu, ba tare da sirdi ba, saboda ɗumin jikin doki yana sassauta jijiyoyin da suka ɗaure.

Abin da ba za a taɓa yi ba shi ne ɗaure mutum a kan doki da igiya ko zane ko rawani, ko da iyayensa ne suka roƙa don tsoron faɗuwa. Doki yana tuntuɓe, yana kuma iya faɗuwa, kuma wanda aka ɗaure ƙarƙashinsa zai shiga. Duk abin da zai riƙe cinya ko ƙafa dole ne ya zama mai ɓallewa da kansa idan an fizge shi da ƙarfi, kamar siririyar roba ko maɗauri mai mannewa irin na takalman yara. Haka ma likkafa. Ƙafar da ba ta da ƙarfi takan zurma ciki har idon sawu, kuma idan mahayi ya faɗi doki zai ja shi a ƙasa. Maganin wannan shi ne a rufe gaban likkafar da fata kamar bakin takalmi, ko a sayi irin wadda gefenta na waje roba ce mai tsinkewa. Faffaɗar likkafar hawan sallah tana tallafar tafin ƙafa gaba ɗaya, amma gefenta na da kaifi, don haka ban ba da shawararta ba sai an goge an lulluɓe.

Linzamin gargajiya mai zobe yana da zafi ƙwarai, kuma hannun da ke fizga ba da son mai shi ba zai yaga bakin doki. A farko a ɗaura kamazuru, wato igiyar da mahayi ke riƙewa, a jikin ragama, sai hannu ya nutsu a koma linzami mai sauƙi. Mai raunin yatsu a ɗinka masa madaukai a jikin kamazurun da zai zura hannu, masu faɗin da hannu zai fita nan take. Mai hannu ɗaya a haɗa masa igiyoyin biyu da gajeren sanda, yana juya wuyan hannu doki yana juyawa. Yaron da ke da jinkirin fahimta a rina masa igiyar launi-launi, sai a ce ya kama ja ko kore. Wanda ƙafafunsa ba sa aiki yana ba doki umarni da murya da siraran bulalai biyu, ana taɓawa ba duka ba. Makaho kuwa a tsayar masa da mutane a kusurwoyin fili suna kiran sunan wurin da suke.

Hular kwano ita ce abin da ba a ƙerawa a gida. A sayi ta hawan doki, ba ta babur ba, a kuma canza ta bayan duk mummunar faɗuwa. Sabon mahayi yana buƙatar mutum uku: ɗaya riƙe da ragama, biyu a gefe suna dafe cinyarsa, ana rage su a hankali gwargwadon yadda zamansa ya ƙarfafa. A yi hawan da sassafe ko bayan la'asar, minti 20 zuwa 30, domin wasu masu ciwon laka ba sa yin gumi yadda ya kamata.

Iskar Legas tana cin kaya fiye da ta Kano ko Katsina. Fata tana yin fumfuna, ƙarfe yana tsatsa saboda gishirin teku, roba tana tsagewa, yashi kuma yana cika maɗauri mai mannewa har ya daina kamawa. A riƙa shafa wa fata mai, a rataye kayan a inda iska ke ratsawa, sannan kafin kowane hawa a ja kowane ɗinki da hannu, a kuma ajiye robobin likkafa na canji a cikin jaka.