Kurakuran masu neman sarkin macizai na tsauni a Amurka

A tsaunukan yammacin Amurka akwai wani maciji da masu sha'awar namun daji ke shafe shekaru suna nema. Jikinsa zobe-zobe ne na ja da baƙi da fari, sumul yana sheƙi, ba shi da dafi, tsawonsa kuma ba kasafai yake kaiwa mita ɗaya ba. Ana kiran danginsa sarakunan macizai saboda wasunsu na cin sauran macizai, ko da yake na tsaunin ya fi cin ƙadangaru da ɓeraye da 'yan tsakin tsuntsaye. Iri biyu aka fi sani: Lampropeltis zonata, daga kudancin jihar Washinton har arewacin Baja a Meziko, da Lampropeltis pyromelana na Arizona da Yuta da Nebada. Yawancin waɗanda suka dawo hannu rabbana, kuskure iri ɗaya suke maimaitawa.

Na farko shi ne lokaci. Mutum ya hau dutse da rana tsaka a tsakiyar zafi, ya ce babu maciji a wurin. Yana nan, ya shige can cikin tsagar dutse ne. A Kalifoniya, daga Afrilu zuwa Yuni, bayan dusar ƙanƙara ta narke ƙasa na da sauran danshi, shi ne lokacin da yake matsowa bakin tsaga ya sha ɗumi. A Arizona kuma ruwan Yuli da Agusta na fito da shi. Wurin ma ana kuskure shi: ba saman tsauni fako ake zuwa ba, a nemi inda duwatsu suka tsattsage kusa da rafi, cikin kwari mai itatuwa.

Sai batun ganewa, domin akwai wani maciji mai dafi da ke kama da shi a launi, ana ce masa macijin murjani. Akwai wata 'yar waƙa da ake koya wa yara a Amurka, cewa in ja ya taɓa rawaya to mai dafi ne, in ja ya taɓa baƙi to ba komai. A kan sarkin tsauni ta yi daidai, domin jansa baƙi ne ke kewaye da shi gaba da baya, shi kuwa macijin murjani na Arizona, mai dafin, jansa na jingine da fari ko rawaya. Amma kada ka ɗora ranka a kan waƙa. Da ka gangara kudancin Meziko zuwa Kudancin Amurka ta daina aiki, akwai masu dafi da jansu ke taɓa baƙi. Ko a tsaunukan Siyera Nebada na Kalifoniya ana samun zonata da baƙi ya cinye jansa har ya kusa ɓacewa. Gyaran shi ne ka fara da sanin inda kake tsaye: a Kalifoniya babu macijin murjani a daji. Sannan ka dubi hanci. Sarkin tsauni na Kalifoniya hancinsa baƙi ne, na Arizona kuwa fari-fari, wannan kaɗai ya isa ya raba shi da murjani mai baƙin kai. In har yanzu kana kokwanto, hannunka ya tsaya a aljihu.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne fasa dutse. Wasu na zuwa da ƙarfe su ɓamɓare ɓawon dutsen don su ga abin da ke ƙasa. Wannan siririyar tsagar ta ɗauki ɗaruruwan shekaru ruwa da sanyi na sassaƙa ta, ita ke riƙe danshi da ɗumin da macijin ke bukata, kuma yakan koma tsaga ɗaya shekara bayan shekara. Cikin minti guda an rushe ta, ba ta kuma dawowa a zamanin kowa. Ƙadangarun da yake ci ma gidansu kenan. Dokar Kalifoniya ta hana kama maciji ta hanyar fasa duwatsu ko kututture, a gandayen daji na ƙasa irin su Yosemite kuwa kamun ma haramun ne gaba ɗaya. Abin da ƙwararru ke yi mai sauƙi ne: ƙaramin madubi su karkato hasken rana cikin tsagar, ko tocila, su durƙusa su leƙa. Haƙuri ne jarin. In dutsen sako-sako ne ka ɗaga, mayar da shi yadda ka same shi, amma ka fara janye macijin gefe, ka ajiye dutsen, ka bar shi ya shige da kansa, kar ka danne shi.

Kada kuma ka zura yatsu inda idonka bai gani ba. Macizai masu ƙararrawa a wutsiya suna kwana a tsagogin nan, su kam dafinsu na kai mutum asibiti.

Wanda ya dace ya gani, ya ɗauki hoto daga inda yake. In an kama sarkin tsaunin yakan yi cizo ya saki wani ruwa mai wari, alamar ya firgita. Kafin ka sa hoton a intanet, ka goge bayanin wurin da wayar ta liƙa masa, domin masu kamawa su sayar suna bibiyar irin waɗannan hotuna, su kuma da ƙarfe suke zuwa.